Kafin Jami'o'inmu Su Yaye Kamfanoni, Su Dubi Abin Da Ya Sami Codexis

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taron jami'a a tashi ba tare da wani babba ya miƙe ya ce lokaci ya yi da bincike zai sauko daga kan kanta ya shiga kasuwa ba. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba ƙarya ba ce. Sai dai na lura duk sa'ad da aka zo kawo misali, kamfanonin kwamfuta da na manhajar waya ake ambato, kamar dai su kaɗai ilmi ya taɓa haifa. Ni kuwa ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga wani kamfani na daban, wanda ba kasafai ake jin sunansa a nan ba, wato Codexis da ke birnin Redwood a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sana'arsa ita ce ƙera inzayim domin masana'antu da masu bincike. Na zaɓe shi ne don tarihinsa ya haɗa nasara da tuntuɓe, kuma duka biyun daga wuri guda suka fito, wato irin yarjejeniyar da ya ƙulla da waɗanda suka fi shi ƙarfi.

Irin wannan kamfani da ke ɓallewa daga jikin jami'a ko wani babban kamfani ya tsaya da ƙafarsa, har yanzu ba mu daidaita kan sunansa da Hausa ba. Ni dai yayayyen kamfani nake kiran sa, domin abin da ake yi masa ke nan: a cire shi daga nono, a ga ko zai iya cin tuwo. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san makamancin haka, inda ubangida kan sallami yaronsa bayan shekaru, ya ba shi jari da 'yan kaya, wani lokaci har da wasu daga cikin abokan cinikinsa. Kuma kowa ya san ba ranar sallama ake gane yaron da zai yi arziki ba.

Shi inzayim, in za a faɗa a sauƙaƙe, furotin ne da jikin mai rai ke yi domin ya hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mun daɗe muna aiki da shi ba mu san sunansa ba. Wanda ya tauna lomar tuwo ya daɗe yana taunawa har ya ji ta fara zaƙi, inzayim ɗin da ke cikin yawunsa ne ya farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Uwargidan da ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, da Bafulatanar da ke daskarar da madara da ruwan tumfafiya ta yi cuku, da majemin da ke jiƙa fata cikin kashin tantabara don ta yi laushi, duk shi suke sa wa aiki. Kalmar kanta wani Bajamushe masanin aikin jiki mai suna Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1870 daga Girkanci, ma'anarta kuwa abin da ke cikin yisti. Batun jima ma yana da tarihi a nan. A shekarar 1907 wani Bajamushen, Otto Röhm, ya kafa kamfani tare da abokinsa Otto Haas don sayar da garin inzayim da aka tatso daga jikin dabbobin yanka, wanda ya maye gurbin kashin kare da majeman Turai ke amfani da shi a lokacin. Ashe tun farko cinikin inzayim daga matsalar mai sana'a ya taso.

To amma inzayim na halitta an yi shi ne domin rayuwa cikin ƙwayar jiki, inda zafi yake daidai, ruwa yake da sauƙi, aiki kuma kaɗan ne. In aka jefa shi cikin tukunyar masana'anta mai zafi da sinadarai masu kaifi, sai ya lalace, ko ya ƙi taɓa abin da aka ba shi tun da bai san shi ba. Shekaru masana suka yi suna ƙoƙarin gyara shi da lissafi, suna hasashen inda za su taɓa, galibi suna shan kaye. Dalilin ba boyayye ba ne. Furotin jeri ne na amino asid iri 20, kamar kalma mai tsawo da aka rubuta da baƙaƙe 20. Inzayim mai amino asid 300, in wuri guda kawai za a sauya masa, akwai hanyoyi 5,700 na yin haka. In kuwa wurare goma za a sauya a tare, adadin ya wuce abin da za a iya gwadawa har duniya ta naɗe.

Frances Arnold ta Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya ita ce ta nuna mafita a shekarar 1993. Maimakon ta yi hasashe, sai ta sa kurakurai da gangan cikin ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin wani inzayim mai suna subtilisin, ta sami dubban ire-irensa, ta gwada su, ta ware waɗanda suka ɗan fi, ta sake sa musu kurakurai, ta sake zaɓe. Bayan 'yan zagaye sai ga inzayim da ke aiki cikin wani ruwan sinadari mai ƙarfi ninki 256 fiye da na asali. Shekara guda bayan haka, a 1994, Willem Stemmer, ɗan asalin Holan da ke aiki a kamfanin Affymax, ya wallafa dabarar yayyanka ƙwayoyin gado masu dangantaka a sake haɗa su, yadda kyawawan sauye-sauye daga iyaye daban-daban za su tattaru a ɗa guda. Makiyayi zai gane wannan nan take, domin abin da yake yi da shanunsa ke nan, sai dai abin da kan ci masa shekaru a nan makonni yake ci. Mu ma masu nazarin harshe abin bai zame mana baƙo ba, don kuwa haka harshe ke sauyawa: bakuna da yawa su yi ta furta kalma ta hanyoyi mabambanta, jama'a su riƙe wadda ta yi musu, ba tare da wani ya zauna ya tsara ba. An ba Arnold rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018. Stemmer bai ga wannan rana ba, ya rasu a 2013.

A kan dabarar Stemmer aka kafa kamfanin Maxygen a 1997, shi kuma Maxygen ya yaye Codexis a 2002 domin ya fuskanci harkar inzayim na sarrafa sinadarai. Ya kamata in fito fili a nan in ce Codexis ɗan kamfani ne, ba ɗan jami'a ba. Akwai 'ya'yan jami'a a wannan sana'a, kamar c-LEcta da ya fito daga Jami'ar Leipzig ta Jamus a 2004, wanda kamfanin Kerry na ƙasar Ailan ya saye a 2022. Amma matsalar da yayayye ke fuskanta ɗaya ce ko wace ce uwarsa.

Aikin da ya fito da sunan Codexis shi ne wanda ya yi da kamfanin magunguna na Merck a kan sitagliptin, maganin ciwon sukari da ake sayarwa da sunan Januvia, wanda likitocinmu ma suna rubuta shi. Na ga ya dace in tsaya a kansa, domin a nan ne darasin yake. An amince da maganin a Amurka a 2006, kuma Merck yana da hanyar yin sa tun kafin Codexis ya shigo. Sai dai hanyar tana da wahala. Ƙwayar maganin tana iya fitowa da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu, kuma ɗaya kawai ake bukata. Don samun ta sai an yi amfani da rodiyam, wani ƙarfe mai ɗan karen tsada, da iskar haidurojin ƙarƙashin matsi mai yawa cikin tukwane na musamman, sannan a dawo a tace ƙarfen daga cikin maganin, a kuma sake tsarkake shi. Merck ya san ciwon da ke damun sa, ya san kuɗin da yake ci masa, ya kuma san ma'aunin da zai ce an warke.

Masanan ɓangarorin biyu suka ɗauko wani inzayim daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wanda ke yin irin aikin da ake so amma a kan ƙananan sinadarai. Da aka ba shi sinadarin da ake yin sitagliptin da shi, ko motsi bai yi ba, domin ramin da zai riƙe shi ya yi masa kaɗan. Sai suka bi da shi sannu a hankali: suka yi amfani da kwamfuta suka duba inda za a faɗaɗa ramin, suka fara horar da shi a kan guntun sinadarin, da ya saba sannan suka ba shi cikakken. Zagaye 11 aka yi ana sauyawa ana zaɓe. Inzayim ɗin da aka ƙare da shi ya bambanta da kakansa a wurare 27. A rahoton da suka wallafa cikin mujallar Science a 2010, sun nuna sabuwar hanyar ta ƙara yawan maganin da ake samu da kashi 10 zuwa 13 cikin 100, ta ƙara abin da masana'anta ke fitarwa a rana da kashi 53, ta rage shara da kashi 19, ta kuma kawar da bukatar rodiyam da tukwanen matsi baki ɗaya. A wannan shekara aka ba kamfanonin biyu lambar yabo ta shugaban Amurka kan sarrafa sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba.

Abin lura shi ne ba Codexis ne ya ƙera inzayim ya sa a faranti yana talla ba. Mai matsala ne ya zo da matsalarsa, ya biya kuɗin bincike, ya sa masanansa cikin aikin. Wannan ya saɓa wa yadda muke tunanin abin a nan, inda malami zai gama bincikensa, ya sami ƙarin girma, sannan a shirya baje koli a jera kwalabe a kan tebur ana jiran attajiri ya biyo ta wurin.

Wani hanzari ba gudu ba, shi wannan abokin hulɗa mai ƙarfi da ke raya yayayye, shi ne kuma ke iya kayar da shi. Tun daga 2006 Codexis ya shiga haɗin gwiwa da kamfanin mai na Shell don samar da inzayim da zai narkar da kara da ciyawa a mai da su man mota. Kuɗi suka shigo, aka ɗebi ma'aikata, har a watan Afrilu na 2010 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari. A waɗannan shekaru fiye da rabin kuɗin shigarsa daga aljihun Shell suke fitowa. A 2012 Shell ya janye daga yarjejeniyar binciken, Codexis ya sallami ma'aikata fiye da 100, farashin hannun jarinsa ya zube. Ba wai kimiyyar ce ta zama ƙarya dare ɗaya ba; lissafin mai gida ne ya sauya. Mai kwana a ɗakin wani, ai ba shi ke cewa a kashe fitila ba.

Da a ce sau ɗaya abin ya faru, da sai a ce tsautsayi ne. Lokacin annobar korona Codexis ya riƙa sayar wa Pfizer wani inzayim da ake amfani da shi wajen haɗa maganin Paxlovid. Kuɗin shigarsa suka haura dala miliyan 138 a 2022. Da annoba ta lafa, bukatar maganin ta ragu, sai suka faɗo zuwa kimanin dala miliyan 70 a 2023. A shekarar kamfanin ya sake rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, ya ajiye wasu ayyukan, ya karkata ga ƙera inzayim na haɗa magungunan da ake yi da RNA.

To me ya hana shi mutuwa tun a 2012? A ganina amsar tana cikin wata ciniki da ba ta yi ƙara sosai ba. A ƙarshen 2010 Codexis ya biya uwarsa Maxygen dala miliyan 20 ya sayi haƙƙin mallakar dabarun da a da aro yake yi. Maxygen ya rufe a 2013. Saboda dabarar ta zama tasa, ya iya ba da hayarta ga GlaxoSmithKline a 2014, ga Merck a 2015, ga Novartis a 2019, kowa ya biya ya kai ta ɗakin bincikensa, ita kuwa tana nan a hannun mai ita. Abokin ciniki ya tafi da inzayim ɗin da aka ƙera masa, amma maƙera da uwar maƙera ba su bar gida ba.

Wannan tambaya ta wa ya mallaki me, Afirka ta riga ta ɗanɗana ta a wannan sana'a. A farkon shekarun 1990 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Leicester ta Ingila, sun ɗebi ƙananan halittu daga tafkunan kanwa na ƙasar Kenya, irin su Bogoriya, inda ruwa ke da kaifin da halittu kaɗan ne ke jure masa. Daga cikinsu aka sami inzayim da kamfanin Genencor ya sayar domin koɗar da wandon jins da haɗa sabulun wanki. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta fito ta ce ƙasar ba ta sami rabonta ba, kamfanin kuma ya ce bai karya wata doka ba. Ba nufina in yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da ya dame ni shi ne an yi shekara fiye da goma kafin a yi tambayar da ya kamata a yi tun ranar da aka tsoma kwalba cikin ruwa. Da Kenya ta koyi darasi, a 2007 ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin Novozymes na Denmak kafin a ɗebi kome. Irin waɗannan rigingimu na cikin abin da ya kai ga yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan rabon amfanin albarkatun halitta, wadda ta fara aiki a 2014.

Na taɓa zama cikin wani kwamiti da aka ɗora wa duba takardar fahimtar juna tsakanin wata jami'a da wasu baƙi masu son yin bincike tare da ita. Ba don na san kimiyya aka sa ni ba, don a ce akwai mai gyara Turanci ne. Takardar ta yi bayani dalla-dalla kan wanda zai biya kuɗin jirgi da masauki, da yawan malaman da za su je ƙaro ilmi, da yadda za a jera tambarin kowa a bangon rahoto. Na karanta ta sau biyu ina neman inda aka faɗi wanda zai mallaki abin da aka gano, ko abin da zai faru da samfurin ƙasa da na ruwa da za a fita da su. Babu. Da na yi magana, wani dattijo da nake girmamawa ya ce kada mu kori baƙi da yawan tambaya. Na yi shiru, kuma har yau ina jin nauyin shirun nan.

Ba a rasa hukuma ba. Ofishin NOTAP na tarayya ya daɗe yana buɗe sassan kula da haƙƙin mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Amma allo a ƙofar ofis ba ya karanta yarjejeniya. Amurka ta warware wa jami'o'inta wannan batu tun 1980 da dokar Bayh-Dole, wadda ta ba su damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, da sharaɗin su yi ƙoƙarin kai shi kasuwa su kuma ba mai binciken kasonsa. Ana iya sukar dokar, kuma ana yi, amma malamin can ya san matsayinsa kafin ya shiga ɗakin gwaji.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ke fama da wutar lantarki me ya haɗa mu da ƙera inzayim? Ai mun daɗe muna sayen sa. Da gwamnatin soja ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt da na giya dawa suka koma, wadda yawancinta daga gonakin Arewa take fitowa. Ita kuwa dawa tsironta ba shi da isasshen ƙarfin farfasa sitaci kamar na sha'ir, saboda haka sai an ƙara mata inzayim da ake shigowa da shi daga waje. Haka masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa a Kano, da gidajen burodi, da masu haɗa abincin kaji. Masu matsala suna nan, da kuɗin waje suke biyan maganinta. Sannan kayan aikin ma sun yi sauƙi fiye da zamanin Arnold. Tun 2022 rumbun AlphaFold ya saki hasashen siffar furotin fiye da miliyan 200 kyauta ga duk mai intanet, aikin da ya sa aka ba Demis Hassabis da John Jumper rabin kyautar Nobel a 2024, ɗaya rabin kuma David Baker mai ƙera sababbin furotin. Ɗalibi a Zariya na iya duba abin da a da sai babban ɗakin gwaji. Abin da kwamfuta ba za ta yi masa ba shi ne gwada dubban ire-iren inzayim ɗaya bayan ɗaya, cikin firjin da ba ya mutuwa da na'urar da ba ta tsayawa, kuma wannan sai da mai biya.

Saboda haka in da ni ake tambaya, ba zan ce a fara da rijistar kamfani ko yanka kirtanin buɗe gini ba. Zan ce malaman kimiyyar sinadaran jiki da na cibiyar fasahar fata da ke Samaru su je Chalawa su zauna da mai masana'anta guda, su tambaye shi wane mataki ne ya fi ci masa kuɗi ko ya fi ɓata masa ruwa, shin cire gashi da farar ƙasa da salfaid ne ko laushin fata, nawa yake kashewa a kai, kuma nawa zai iya biya in an rage masa. In aka yi dace, sai a rubuta wa zai mallaki ƙwayar halittar da aka tono, wa zai mallaki inzayim ɗin, wa zai mallaki hanyar da aka bi, da kuma ko an yarda a sayar wa maƙwabcinsa bayan shekara kaza. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda mai masana'anta zai fi ƙi, shi ne kuma wanda bai kamata jami'a ta saki ba, don shi zai ba yayayyen damar samun abokin ciniki na biyu da na uku.

Ita waccan takarda da na ambata an sa mata hannu bayan makonni kaɗan, aka ɗauki hotuna, aka ci abinci. Na sami kwafinta daga baya. Duk gyare-gyaren nahawun da na yi an shigar da su.